Fitilar Giya da Kunyar Ɗan Fari

Kai mai karatu, ina jan kunnenka kafin ka shiga waɗannan takardu. Idan labarin nishaɗi kake nema, ajiye su. Idan kuwa kana cikin masu ganin duk abin da aka gada dole a bi shi a kowane hali, ko da rai na cikin haɗari, to zauna ka karanta, domin ni ma haka nake a dā.

Sunana Kubura, ina zaune a Talata Mafara. Mijina ya rasu ya bar mini 'ya'ya maza biyu da babbar motar ɗaukar kaya. Babban shi ke tuƙa ta. Ɗan farina ne, kuma bisa al'adarmu ba na kiran sunansa, ba na zama in yi doguwar magana da shi, abin da nake so ya ji sai in bi ta bakin wani. Ƙaramin, Sharhabilu, bakanike ne a Legas. Wan mahaifinsu, Dikko, shi ke gyara motocin gidan nan tun kafin a kawo ni. Mun yi waɗannan takardu ne a shekarar da aka yanke layukan waya a jiharmu, muka koma ba direbobi wasiƙa. Ban goge komai a cikinsu ba, har inda suka tona mini asiri.

Talata Mafara, 9 ga Satumba

Zuwa ga ɗana Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sai godiyar Allah. Gwiwata ta yi sauƙi. Suwaiba matar yayanka ta dawo daga Bakura, ta baro mahaifiyarta tana iya zama har ta sha kunu da kanta. Gero ya yi kyau bana, sai dai a ce Allah ya ba mu ikon kwaso shi lafiya.

Ka ji an ɗauke mana waya. Ban ji zafin abin sosai ba, domin ko da take nan kiranka ba ya wuce "Inna ya gida" ka kashe. Yanzu sai ka zauna ka riƙe biro. Hamidu direban albasa ne zai riƙa kawo maka takardata, kai ma ka ba shi taka idan zai juyo. Kada ka ce mini aiki ya yi yawa. Wanda ya samu lokacin cin abinci ya samu lokacin gaida uwarsa.

Sai maganar mota. Tun da aka sayar da tsohuwar motar mahaifinku aka kawo wannan mai canza giya da kanta, ban daina jin ƙorafi ba. Suwaiba ta ce wata fitila ruwan ɗorawa tana kamawa a gaban yayanka, kuma sau biyu motar ta yi jinkirin shiga giya a hanyar Gusau. To Baffanku Dikko ya sayo wata 'yar na'ura a Sakkwato, irin wadda ka taɓa nuna mini hotonta. Ya soka igiyarta a ƙarƙashin sitiyari, ya danna, fitilar ta mutu. Ka ga dattijo bai zauna yana cewa zamani ya wuce shi ba. Ka yi koyi da shi, ka kuma rubuto masa gaisuwa.

Ka kiyaye salla a kan lokacinta.

Mahaifiyarka, Kubura

Legas, 15 ga Satumba

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗin sauƙin gwiwar. Ina lafiya, sai ruwan sama da ya hana mu sakat a gareji. A gaida Yaya Hashimu da Suwaiba. A gaida Baffa da kyau.

Inna, maganar fitilar nan ta tsaya mini a rai. Bari in yi miki bayani yadda na iya. Irin motar Yaya tana da ƙwaƙwalwa a jikin giyarta. Ita ke yanke shawarar lokacin canza giya, ba ƙafar direba ba. Idan ta ga wani abu ba daidai ba sai ta kunna fitila, ta kuma ajiye lamba a cikinta, lambar da ke faɗin inda ciwon yake da yawan lokutan da ya faru. Aikin na'urar hannun nan, wadda muke kira sikana, shi ne ta karanto wannan lamba. Akwai maɓallin gogewa a jikinta, amma ba a taɓa shi sai bayan an gama gyara.

Idan Baffa ya goge bai karanta ba, kamar a yaga katin marar lafiya ne a asibiti a ce ya warke. Fitila za ta mutu, ciwon yana nan, kuma wanda zai zo dubawa daga baya ba zai samu tarihin komai ba.

Ba ina raina aikin Baffa ba ne. A tsofaffin motoci babu wanda ya kai shi kunne. Roƙona ɗaya ne. Fitilar za ta dawo. Idan ta dawo, kafin ya danna komai, a kwafo mini duk abin da ya fito a fuskar na'urar, lamba da haruffa, kada a bar ko ɗaya. Ke kin fi kowa iya karatun Turanci a gidan, shi ya sa na roƙe ki.

Ɗanki, Sharhabilu

Talata Mafara, 23 ga Satumba

Sharhabilu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. An yi wa maƙwabcinmu rasuwa, tsohuwarsa ce, ka yi mata addu'a.

Na karanta takardarka sau biyu, kuma ban ji daɗin misalinka na yaga kati ba. Mutumin da ya raɗa maka suna a kunne ba a kawo masa irin wannan misali, ko a bayan idonsa. Shekara huɗu a Legas ba su mayar da kai sa'ansa ba.

Amma fitilar ta dawo kamar yadda ka ce, kwana shida bayan an kashe ta. Don kada ka ce na ƙi, na yafa mayafi na tafi garejin da kaina, abin da ban yi ba tun rasuwar mahaifinku. Na tarar yayanka na nan. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina duban wani wuri. Baffanku ya ga takarda da biro a hannuna sai ya yi dariya.

Ya ce, "Kubura, yau kuma jarrabawa anka aiko ki ki yi man?"

Na ce, "A'a Yaya, yaron ne ke son ya ƙaru da ku."

Ya ce, "To ki gaya mishi motar ga ba ta da ciwo, tsegumi gare ta. Duk motocin zamanin ga haka suke, ruwa ya taɓa su kaɗan sai kuka. Na saurari injin, na saurari giya, ko tari babu."

Duk da haka ya miƙo mini na'urar, ya riƙe ta a gabana kamar mai nuna wa yaro madubi. Ga abin da na kwafo. Akwai lamba 191, a gefenta 2. A ƙasa an rubuta kalmar da ke nufin yawan faruwa, a gabanta 17. Da na gama ya danna, fitilar ta mutu, ya ce in gaishe ka.

Na yi abin da ka nema. Kai ma yi abin da na nema, ka gyara harshenka.

Mahaifiyarka

Legas, 29 ga Satumba

Inna,

Ina gaisuwa, ina neman afuwa kan misalin da na kawo. Allah ya jiƙan tsohuwar maƙwabcinmu. Ina rubutu da sauri domin Hamidu ya gama sauke kaya.

Lambar da kika kwafo na san ta sarai. A wutsiyar giya akwai wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa, mai maganaɗisu a baki, muna ce masa sansa. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwar gudun da motar ke yi. Lamba 191 tasa ce. Biyun da ke gefe na nufin maganarsa tana yankewa tana dawowa. Sha bakwai kuma, Inna, sau sha bakwai ke nan cikin kwana shida, tunda an goge na baya. Baffa ba zai ji wannan da kunne ba, don ba ƙarfe ne ke cin ƙarfe ba, saƙo ne ke ɓacewa a cikin wayar wuta.

Haɗarin shi ne, idan saƙon ya yanke lokacin da motar ke tsakiyar canza giya, ƙwaƙwalwar ba ta san wace giya za ta shiga ba, sai ta bar motar a firi, ba ta cikin kowace giya. A shimfiɗaɗɗen titi babu kaya, tsayawa kawai za a yi. A hawa da lodi, motar baya za ta yi.

Gyaran ba shi da wuya. A cire sansar a duba bakinta. A buɗe soket ɗinta, wato mahaɗarta da wayar wuta, a ga ko ruwa ya shiga ya yi tsatsa kore. A bi wayar da hannu a ga ko ta goge a jikin ƙarfe. Zan nemi sabuwa in aiko. Kafin nan, kada Yaya ya yi lodi, ko na buhu goma ne.

Inna, ga abin da ya fi komai. Ki zaunar da Yaya ki karanta masa wannan takarda da bakinki. Kin san boko bai zauna masa ba, kuma ko ya karanta ba zai ƙetare maganar Baffa saboda maganar ƙaninsa ba. Taki kaɗai za ta tsayar da shi. Na san al'ada, na san ba kya yi. Ki yi sau ɗaya.

Ɗanki, Sharhabilu

Talata Mafara, 6 ga Oktoba

Sharhabilu,

Bayan gaisuwa. Lafiya lau muke. Ruwa ya ɗauke, an shiga yankan gero gadan-gadan.

Takardarka ta zo. Saƙonka ya isa inda ya kamata ya isa, ka kwantar da hankalinka. Sai dai ka sani ba ɗa ke koya wa uwa yadda za ta tafiyar da gidanta ba. Akwai hanyar da ake bi magana ta isa ba tare da an zubar da girman kowa ba, kuma na girme ka a sanin ta.

Hamidu ya ce ya same ka ka rame. Ka riƙa cin abinci mai ruwa, ka rage burodi da shayi.

Mahaifiyarka

Legas, 12 ga Oktoba

Inna,

Na gode, Allah ya ƙara girma. Tunda Yaya ya ji daga bakinki, hankalina ya kwanta. Ban yi nufin koya miki komai ba.

Ga sabuwar sansar cikin wannan ƙunshi, na naɗe ta a tsumma, tare da sabon soket. A ba Baffa, minti talatin ya ishe shi. Ki ce wa Yaya ya yi haƙurin zaman kwanakin nan, na san lokacin kaka ne, kowa na neman mota.

Ɗanki, Sharhabilu

Talata Mafara, 20 ga Oktoba

Sharhabilu,

Ina gaishe ka. Ba zan ce maka muna lafiya ba. Wannan takarda ba za ta jira Hamidu ba, wani zai kai ta Sakkwato ya ɗauki hotonta ya tura maka ta waya.

Yau kwana uku ba mu san inda yayanka yake ba. Ranar Lahadi ya tafi ɗauko gero a wajen Faru, bayan Maradun. Ya ce wa Suwaiba zai dawo kafin la'asar. Bai dawo ba. Ka san halin da hanyar can take ciki, ka san abin da kowa ke tunani ba ya faɗi. Mata sun cika gidan suna yi mini sannu kamar an riga an yi rasuwa. Baffanku ya tafi Maradun jiya, ya dawo ba labari, don ba wanda ya yarda ya wuce da shi gaba.

Ƙunshinka ya iso ranar Litinin. Yana nan kan teburina ban kwance ba.

Yanzu zan gaya maka abin da na yi, tunda ka fahimci takardata ta baya ba yadda take ba, kuma ni na rubuta ta yadda za ka fahimce ta haka. Ban karanta wa yayanka komai ba. Na ɗauki takardar har ƙofar ɗakinsa, na ji muryarsa, ƙafata ta ƙi shiga. Shekara talatin da takwas ban taɓa zaunar da shi na ce ga abin da nake tsoro a kanka ba. Sai na ce a raina, Baffansa ne uba, shi ne mai gyara, ta hannunsa ya dace a bi. Na kai masa. Ya karanta layi uku ya ninke ya sa a aljihu.

Ya ce, "Na ji. In ya gama kwasar geron ga sai mu duba. Kaka ba ta jiran takardar Legas."

Na juyo gida, don ba a musu da wan miji.

Safiyar Lahadi yayanka ya zo bakin ƙofata yin sallama kamar kullum. Ya tsaya daga waje ya ce, "Inna, zan leƙa Faru." Ina zaune a kan darduma. Maganar na bakina, kalma uku ce, kada ka tafi. Na ce, "Allah ya kiyaye." Na ji takunsa har ya fita zaure.

Ko mutanen daji ne, ko motar ce, ban sani ba. Abin da na sani shi ne an ba ni saƙo na riƙe. Ka yi addu'a. Idan za ka iya tasowa, ka taso.

Mahaifiyarka

Talata Mafara, 22 ga Oktoba

Sharhabilu,

Alhamdu lillahi. Yana da rai. Ban sani ba ko wannan za ta same ka ko ka riga ka kamo hanya, amma na ba da ita a tura.

Jiya da hantsi wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gida, Bafulatani manomi daga wani ƙauye kusa da Faru, sunansa Malam Abdulmumini. Ya ce, "Nan ne gidan mai babbar mota?" Suwaiba ce ta fita. Ya ce, "Ku kwantar da hankali, shina wurinmu, ƙafa ce ta karye. Tun shekaranjiya nike son zuwa, hanya ba ta ba da fuska ba sai yau."

An ɗauko shi, yanzu yana asibiti a nan Mafara. Karaya biyu ce a ƙafar dama, da haƙarƙari ɗaya. Mutanen ƙauyen ne suka fasa gilashi suka jawo shi, suka ɗora shi a amalanken shanu, maɗorinsu ya ɗaure ƙafar. Geron ma sun kwashe sun tara a rumbu, ko buhu ɗaya bai ɓata ba. Allah ya saka musu.

Ga yadda yayanka ya ba Suwaiba labari ina daga bayan labule ina ji. Ya yi lodi ya juyo. Akwai wani mashigin rafi mai kwalbati, daga shi sai hawa. Ya kai tsakiyar hawan, motar ta saki giya za ta kama ta ƙasa, sai ba ta kama ba. Inji na ta ƙara, mota ba ta ja. Fitilar ta kama. Kafin ya danne birki ta riga ta zame baya, tayar baya ta sauka gefen kwalbatin, ƙasar wurin ba ta gama bushewa ba, ta rufta, motar ta kwanta.

Suwaiba ta ce, "To ai da ma fitilar ga ta daɗe tana yi."

Ya ce, "Baffa ya ce ba komi ba ne. Da wani ya ce man in tsaya, da na tsaya."

Bai san ina jin sa ba. Bai kuma san akwai takarda ba.

Mahaifiyarka

Legas, 9 ga Nuwamba

Inna,

Na iso lafiya. Ina fatan jikin Yaya na ƙara sauƙi, ke ma gwiwar ba ta tashi ba saboda zirga-zirgar asibiti.

Kwana goma na yi a gida ban iya gaya miki wasu abubuwa a gabanki ba, shi ya sa na bar su sai a takarda.

Ranar da aka jawo motar zuwa Maradun, ni da Baffa muka tafi. Na jona sikanata. Lambar na nan, 191 da 2, ta faru sau tara a ranar Lahadin kaɗai. Na buɗe shafin da ke nuna abin da ƙwaƙwalwar ke ji a daidai lokacin. Mota na tsaye, ya kamata gudu ya nuna sifili. Na ce wa Baffa ya shiga ƙarƙashi ya kama wayar sansar ya girgiza. Yana girgizawa lambar ta yi tsalle, ta ɓace, ta dawo. Na miƙa masa na'urar ta ƙarƙashin motar, ya riƙe da hannu ɗaya yana girgiza wayar da ɗayan, ya daɗe yana kallo.

Da muka buɗe soket ɗin, ciki ya yi kore shar, ƙafa ɗaya ta kusa cinyewa. Ruwan damina ne ya shiga ta inda robar ta tsage. Sansar kanta lafiyarta ƙalau. Soket kaɗai na canza.

Baffa ya fito ya zauna a ƙasa. Ya zaro takardata daga aljihu, ta yi laushi saboda ninki, ya karanta ta har ƙarshe ina tsaye. Sannan ya ce, "Wanda ya sayar man da abin ga maɓalli guda ya nuna man. Zo ka nuna man sauran." Mun yi awa biyu a wurin. Ya sa na rubuta masa lambobin giya da ma'anarsu a bayan kwali. Ki daina jin nauyinsa a kan wannan, ya ɗauki nasa kason.

Saura ni da ke, Inna. Kin rubuta mini cewa saƙo ya isa inda ya kamata. Da kin ce ba za ki iya ba, da na hau mota a ranar na zo na tsaya a gaban motar da kaina. Ba ina tuhumarki ba ne. Amma Yaya har yau bai sani ba, kuma da na je yi masa sallama ya riƙe hannuna ya ce, "Kai da ka san aikin ga, mi ya hana ka aiko man ko kalma guda?" Na ce masa hanya ce ta yi nisa. Ban saba yi masa ƙarya ba.

Ki yafe mini idan na wuce iyaka.

Ɗanki, Sharhabilu

Talata Mafara, 17 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An sallamo shi, yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Likita ya ce ƙafar za ta haɗe, amma ɗingishi zai zauna, kuma tuƙi sai bayan wata shida idan Allah ya yarda. Malam Abdulmumini ya zo dubiya da ƙwaryar nono, na sa an yi masa tuwon shinkafa.

Ba ka wuce iyaka ba. Ka faɗi gaskiya da ladabi, kuma ƙaryar da ka yi masa tawa ce, na sauke maka ita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na aika Baffanku ya ba ni takardarka da ya sa a aljihu. Na shiga ɗakin yayanka. Suwaiba ta miƙe za ta fita don ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, na ce ta zauna. Na jawo kujera na zauna a gabansa, na dube shi a ido. Shi ne ya sunkuyar da kai. Na karanta masa takardarka daga farko har inda ka ce in yi sau ɗaya. Na gaya masa ranar da ta zo, da inda na kai ta, da abin da ke bakina safiyar Lahadin da na haɗiye.

Sannan na ce, "Hashimu, ka yafe mini."

Da ya ɗago idanunsa sun yi ja, amma murmushi yake. Ya ce, "Inna, ashe kin san sunan."

Na ce, "Ni na sha wahalar mai shi, kada ka yi mini shaƙiyanci."

Ya ce ya yafe, ya ce ƙaddara ce. Na ce ƙaddara gaskiya ce, amma ba za a tambaye ni ita ba, takardar da aka ba ni za a tambaye ni.

Kada ka ɗauka na zubar da al'ada. Gobe idan ya gaishe ni zan amsa ina duban gefe kamar yadda uwata ta yi wa nata ɗan farin, kuma kai ma ban ba ka izinin ɗaga wa Baffanku murya ba. Amma na tara su duka a tsakar gida, har Baffanku, na kafa doka, kuma ina rubuta maka ita don ta hau kanka kai ma.

Motar gidan nan ba za a kashe mata fitila ba sai an rubuta lambar a littafin da na ajiye a ɗakina, an san ma'anarta, an gyara. Ba za ta ɗauki ko buhu ɗaya ba fitila na kunne. Kuma duk maganar da ta shafi ran wani a gidan nan, wanda ya ji ta shi zai faɗa wa mai ran, da bakinsa, da sunansa, a ranar da ya ji. Ba aike, ba bi ta hannun babba, ba kunya. Ni ce farkon wadda dokar ta hau.

Mahaifiyarka, Kubura